Duhu Biyu: Na Yamai Mai Jingina da Na Teksas Mai Zaman Kanta

A farkon watan Agustan 2023, kwanaki kaɗan bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, Najeriya ta kashe layin wutar da ke tashi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai. Nan da nan magana ɗaya ta cika bakin mutane: ga abin da jingina ke jawowa, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Wanda ya kwana yana fifita saboda wani ya juya makunni a wata ƙasa yana da haƙƙin faɗin haka. Sai dai shekara biyu da rabi kafin nan, wata jiha a Amurka da ta gina tsarin wutarta kacokan a kan wannan ra'ayi ta faɗa duhun da ya fi na Yamai muni, har hukuma ta ƙirga gawa 246. Jihar ita ce Teksas, wadda ta fi kowace jiha a ƙasar haƙo mai da iskar gas. Mai jingina ya sha duhu, mai zaman kansa ma ya sha. Kafin a yanke hukunci a kan wanne ya fi, ya kamata a duba yadda kowanne ya faɗi.

Tun shekarun 1970 Nijar ke sayen wuta daga Najeriya, kuma lissafi ne ya kai ta. Madatsar Kainji, da aka kammala a 1968, tana kan kogin nan da ke ratsa tsakiyar Yamai kafin ya gangaro Najeriya. Wutar ruwa ta fi ta man dizal arha nesa ba kusa ba, ga Nijar ba ta da teku, man da za ta ƙona a wancan zamani sai an yi dakonsa daga waje, kamar daga Kwatano, tafiyar kilomita kimanin dubu. Jawo waya daga Birnin Kebbi ta Doso ya fi sauƙi ta kowace fuska. Daga baya aka ƙara wani layin daga Katsina zuwa Gazawa, shi ke ciyar da Maraɗi da Damagaram. Zuwa 2022, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa. Ita ma Najeriya ba sadaka take yi ba. Kuɗi take karɓa, kuma jami'anta sun sha faɗa a fili cewa sayar wa maƙwabta wuta yana cikin abubuwan da ke hana su tare kogin daga sama. In aka datse ruwa a Nijar, madatsun Kainji da Jebba ne za su ji a jikinsu. Ruwa na gangarowa kudu, wuta na hawa arewa, kowa na riƙe da wani abu na ɗan'uwansa. An yi shekara arba'in da wani abu ana wannan ciniki, kuma duk wanda zai auna shi da adalci dole ya sa waɗannan shekaru na wuta mai arha a kan sikeli, kada ya sa wata bakwai na takunkumi kaɗai.

An yi juyin mulki ranar 26 ga Yuli. Ranar 30 ga wata shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja suka ƙaƙaba takunkumi. Abin da ya sa ya yi ciwo haka shi ne abubuwa uku ya taɓa lokaci guda. An rufe iyaka, manyan motoci suka yi jerin gwano a bakin gadar da ke tsakanin Malanbil ta Benin da Gaya ta Nijar, ɗauke da abinci da magunguna da kayan gyara. Babban bankin yankin, BCEAO, ya riƙe kuɗin gwamnati, bankuna suka fara taƙaita abin da mutum zai iya cirewa. Sannan wuta. Kowanne daga cikin ukun, da shi kaɗai ya zo, da ana iya jure shi da taimakon sauran biyun. In wuta ta tafi sai ka sayi janareta, amma janaretan da kayan gyaransa ta Kwatano suke shigowa, kuɗin sayensu kuma ta banki yake bi. A ranar da ake zaune lafiya, ma'aikatar makamashi da ta sufuri da ta kuɗi kowace na ganin harkarta daban. Ranar 30 ga Yuli ta nuna cewa makullansu a aljihu ɗaya suke.

A unguwa kuwa abin a jere yake zuwa. Wuta ta ɗauke da safe, tela ya koma keken ƙafa, mai walda ya jingine ƙofar da ya fara haɗawa ya zauna a inuwa. Zuwa azahar injin da ke tura ruwa tanki ya tsaya, famfo ya fara tari ya yi shiru, 'yan garuwa suka ƙara kuɗin jarka domin su ma layin da suke bi a rijiyar burtsatse ya ninka. Mai injin niƙa ya kunna na dizal ya ƙara kuɗin tiya. Matar da ke sayar da ƙanƙara da zoɓo ta buɗe firiza ta tarar da ruwa. Mai kantin magani yana duba agogo, yana lissafin awa nawa allurar da ke firji za ta jure. Da dare eriyar waya, wadda ita ma ta koma kan janaretanta tun safe, ta fara rauni, mai son tura kuɗi ta waya ya yi ta ɗaga hannu sama yana neman sabis. Babu wanda ya yanke ruwa ko waya ko niƙa. Layi ɗaya aka kashe a Birnin Kebbi.

Amma Yamai ba ta durƙushe ba, kuma dalilan suna da muhimmanci. Akwai tashar Gorou Banda mai ƙona mai, da aka buɗe a 2017 a bayan kogi. Akwai matatar SORAZ kusa da Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana tun 2011, don haka man da za a zuba wa injinan ba sai ya tsallako iyakar da aka rufe ba. An yi sa'a kuma abin ya faɗo cikin damina, lokacin da fanka da na'urar sanyaya ɗaki ba sa jan wuta kamar a watan Afrilu. A watan Nuwamba tashar hasken rana mai megawat 30, wadda Bazoum ya ƙaddamar makonni uku kafin a tsare shi, ta fara aiki. Agadas da Arlit kuwa dama wutarsu daga kwal ɗin kamfanin SONICHAR na Anu Araren take, layin Najeriya bai shafe su ba. Akwai kuma wani dalili mai ɗaci: a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wuta a gida, yawancin mutanen karkara ba su da abin da za a ɗauke musu. Aka yi ta rabon wuta unguwa-unguwa har ECOWAS ta janye takunkumi ranar 24 ga Fabrairun 2024, Najeriya ta mayar da layi a watan Maris, ana shiga azumi da bazara.

Teksas ta bi ɗaya hanyar tun da daɗewa. A 1935 Amurka ta yi dokar da ta ba gwamnatin tarayya ikon sa ido a kan duk wutar da ke tsallaka iyakar jiha. Kamfanonin Teksas suka ga hanya mafi sauƙi ta kauce wa Washington ita ce kada wutarsu ta tsallaka. Shi ya sa har yau sauran jihohin da ke haɗe suke kan manyan layuka biyu, na gabas da na yamma, ita kuwa tana da nata, wanda hukumar ERCOT ke gudanarwa, yana ɗauke da kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar jihar. 'Yan ƙofofin da suka haɗa ta da waje ba sa wuce megawat dubu da 'yan kai, a jihar da buƙatarta kan wuce dubu 70. Kuma wa zai ga laifinsu? Gas a ƙarƙashin ƙafarsu, ga kwal, ga nukiliya, ga injinan iska da suka fi na kowace jiha yawa. In akwai wanda ya isa ya ce ba ya buƙatar kowa, su ne.

A tsakiyar Fabrairun 2021 wani sanyi ya sauko daga arewa, har a Dallas ma'auni ya kai 19 ƙasa da sifili. Gidaje da yawa a can da lantarki suke ɗumama ɗaki, don haka buƙata ta yi tashin gwauron zabo daidai lokacin da tashoshi suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Da ƙarfe 1:25 na daren Litinin 15 ga wata, ERCOT ta umarci a fara yanke wa mutane wuta. Layin wuta yana da bugu kamar na zuciya, a Amurka sau 60 a sakan, a wajenmu sau 50. In jan wuta ya fi abin da ake samarwa, bugun sai ya ragu, in ya daɗe a ƙasa kuma injina su kashe kansu don kada su lalace. A daren nan bugun ya faɗi ƙasa da 59.4 ya zauna a can sama da minti 4. Ƙa'ida ita ce in ya cika minti 9 tashoshi za su fara ficewa. Shugabannin hukumar da kansu suka ce saura minti 4 da sakan 37 layin jihar ya mutu gaba ɗaya, mutuwar da tayar da ita za ta iya cin makonni. Suka tsira ta hanyar yanke megawat 20,000, gidaje da shaguna sama da miliyan 4.5 suka shiga duhu, wasu har kwana huɗu.

Abin da ya fi ba ni mamaki a labarin shi ne abin da ya faru tsakanin gas da lantarki. Gas yana fitowa daga rijiya haɗe da ruwa, ruwan ya daskare a bakin rijiyoyi da ƙananan bututai, gas ya ragu. Tashoshin wuta suka rasa abin ƙonawa. Da aka zo yanke wuta, sai aka yanke har da ta wuraren haƙowa da tacewa da tura gas, domin yawancin masu su ba su cike takardar da za ta sa kamfanin raba wuta ya san cewa layinsu ba na taɓawa ba ne. Aka kashe musu wuta, gas ya ƙara raguwa, wasu tashoshin suka ƙara mutuwa, aka ƙara yanke wuta. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Ko tashar nukiliya ba ta tsira ba: wani siririn bututun awo ya daskare a tashar kudancin jihar, injin guda ya kashe kansa. Daga nan abin ya gangara kan ruwa. Famfunan turawa suka tsaya, bututan gidaje suka fashe, aka umarci mutum sama da miliyan 14 su tafasa ruwa kafin su sha, alhali da yawansu murhunsu na lantarki ne. Wasu sanyi ya kashe su a kan gado. Wasu hayaƙin mota ko na gawayin da suka kunna a ɗaki a rufe.

Birnin El Paso, a can ƙuryar yammacin jihar, bai sha wannan wahala ba. Yana kan layin yamma, yana samun wuta har daga tashar nukiliya ta jihar Arizona, kuma bayan wani sanyin da ya ba shi kashi a 2011 kamfaninsa ya kashe kuɗi ya tufatar da injinansa don su jure sanyi. A wannan shekarar ta 2011 an ba sauran jihar shawara iri ɗaya a rubuce, amma ba a tilasta wa kowa ba. Jihohin maƙwabta su ma sanyin ya same su, sun ɗan yanke wuta, amma sun jawo dubban megawat daga gabas inda sanyin bai kai haka ba, abin da suka yanke bai kama ƙafar na Teksas ba.

To, in aka ɗora biyun a sikeli, me ake gani? Haɗarin Yamai a bayyane yake. Layi ne da aka zana a taswira, kowane injiniya a NIGELEC ya san ranar da aka kashe shi za a shiga uku. Abin da ba a sa a lissafi ba shi ne hannun ɗan siyasa zai iya kai wa makunnin. Haɗarin Teksas kuwa a ɓoye yake a cikin gida. Ta rufe ƙofa ga maƙwabta tana ganin ta rabu da jingina, ashe jinginar tana nan tsakanin rijiyar gas da tashar wuta da famfon ruwa, kuma babu ofishi ɗaya da aikinsa ne ya duba ukun tare: masu kula da gas hukumarsu daban, masu kula da lantarki tasu daban. A ganina na ɓoyen ya fi muni, domin wanda ya san yana jingine yakan tanadi sanda. Yamai ta saba da ɗauke wuta, asibiti da banki da otal kowa na da janareta, kowane gida na da randa da gawayi. Wannan sabo ba abin alfahari ba ne, talaucin wuta ne ya haife shi, amma shi ya sa wata bakwai a can ba su yi kisan da kwana huɗu suka yi a Teksas ba. Dole kuma a faɗa cewa zafin damina ba ya kisa kamar sanyin da ke daskarar da ruwa a bututu, don haka kwatancin yana da iyaka.

Masu tsoron haɗa layi da maƙwabta suna da hujja ta biyu bayan ta siyasa, kuma mai ƙarfi ce: cuta na bin waya. A watan Agustan 2003 layuka suka taɓa itatuwa a jihar Ohio, cikin 'yan sa'o'i mutum kusan miliyan 50 a Amurka da Kanada suka rasa wuta. Ranar 28 ga Afrilun 2025 layin wutar Sifaniya ya faɗi, ya ja na Fotugal suka tafi tare cikin sakanni. Amma a duba yadda Sifaniya ta tashi. Daga Faransa ta arewa da Maroko ta kudu aka fara turo mata wutar da ta tayar da tashoshinta, kafin gari ya waye kusan ko'ina ya samu. Da Teksas ta cika waɗancan minti tara, ba ta da maƙwabcin da zai yi mata haka da ƙarfin da take buƙata.

Mu a arewacin Najeriya ba sai an kai mu Amurka ba. A watan Oktoban 2024, bayan an lalata turakun layin Shiroro zuwa Kaduna, sai layin Ugwuaji zuwa Apir da ya rage shi ma ya faɗi, yawancin jihohin arewa suka yi kwana kusan goma babu wuta. Maiduguri ta riga kowa ɗanɗanawa tun Janairun 2021, da aka tarwatsa turakun hanyar Damaturu. Babu takunkumi a nan, babu wata ƙasar waje. Kano da Yamai cuta ɗaya ce ta kama su, wato gari guda a rataye a waya ɗaya ko biyu. Tutar da ke kan ɗaya bakin wayar ba ta canja komai ba.

Shi ya sa nake ɗari-ɗari da masu cewa madatsar Kandaji, da ake ginawa a kan kogin a cikin ƙasar, ita ce 'yancin Nijar. A gama ta, tabbas. Megawat 130 ba wasa ba ne, ga noman rani, ga riƙe wa Yamai ruwan sha a watannin da kogi ke janyewa. Tun shekarun 1970 ake maganarta, Tandja Mamadou ya aza harsashi a 2008, Mahamadou Issoufou ya sake tayar da aikin a 2019, kuma ina zargin arhar wutar Kainji na cikin abin da ya sa ba a yi gaggawa ba. Amma ruwan da zai juya injinanta daga tsaunukan Gini yake tasowa, ya ratsa Mali, inda ake tare shi a Selinge da Markala. Kuɗin gina ta na bankunan waje ne, shi ya sa kamfanin Sin da ke aikin ya dakata a cikin watan Agustan 2023 ɗin nan da aka kashe layin Birnin Kebbi. Takunkumin da ya ɗauke wutar aro shi ne ya tsayar da ginin da zai maye gurbinta. Ko an gama ta, shekarar fari za ta zo, kuma a shekarar Nijar za ta so a ce akwai waya zuwa wani wuri.

Wayar ma ana kan ja. A Fabrairun 2022 aka ƙaddamar da babban layi mai ƙarfin kilobolt 330 wanda zai haɗa Birnin Kebbi da Yamai da Wagadugu, da reshe zuwa Malanbil a Benin, a ƙarƙashin shirin haɗa wutar Afirka ta Yamma. Yanzu Nijar da Burkina Faso da Mali sun fice daga ECOWAS tun Janairun 2025, layin ya zama yana ratsa gida biyu da ba sa ga maciji da juna. Wasu za su ce wannan dalili ne na watsar da shi. Ni ina ganin dalili ne na gama shi da wuri, domin layi irin wannan wuta na bin sa ta kowane ɓangare. Ƙasar da rana ke dukanta kamar Nijar tana iya zama mai sayarwa da rana, mai saye da dare, kuma wanda kake sayen wutarsa da azahar ba ka saurin kashe masa tasa da magariba.

Hukuncina dai jingina ta fi, amma da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan duk daga waɗannan duhu biyu suka fito. Kada babban gari ya rataya a layi ɗaya, na gida ne ko na waje. Tashar ruwan sha da asibiti da eriyar waya da wurin tura gas su kasance a rubuce a gaban mai yanke wuta, kowannensu kuma da abin da zai riƙe shi na 'yan kwanaki. Teksas sai da ta binne mutum 246 kafin majalisarta ta yi doka a watan Yunin 2021 ta tilasta tufatar da tashoshi da zana taswirar hanyar gas zuwa wuta, aikin da ba ya buƙatar ko gawa ɗaya. Sharaɗi na ƙarshe na shugabanni ne, a Abuja da Yamai duka: a rubuta a yarjejeniya cewa wuta da ruwan kogi ba sa shiga takunkumi, kowane irin saɓani aka yi. Najeriya ce ta fi kowa buƙatar wannan rubutu, domin ita ce a ƙasan kogi.